WURI MAI ZOBE

Ina neman afuwar 'yan'uwa marubuta da masu karatun wannan mujalla tamu, domin abin da na zo da shi yau ɗan mitsitsi ne ƙwarai, bai fi girman ƙwayar gurjiya ba. Magana ce a kan wuri, wato kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi. Ni dai malamin makarantar sakandare ne a Kankiya, Hausa nake koyarwa, wani lokaci a jingina mini tarihi idan malaminsa ya yi ƙaranci. Asalina kuwa mutumin Kusada ne, can aka yanke mini cibi, can kuma gidanmu na gado yake. Na yi shekara goma sha tara ina gaya wa ɗalibai cewa kalmar kuɗi jam'in wuri ce, ina kuma kawo musu misali da maganar nan ta "wuri na gugar wuri", alhali kuwa ban taɓa ɗaukar wurin na dube shi da idon basira ba, sai da wani abu ya faru a gidanmu wanda ya tilasta mini.

A daminar 1920 da wani abu aka yi wa wani tsohon ɗaki na ƙuryar gidanmu gyaran ƙarshe, in ji manya. A daminar 2020 kuwa, cikin watan Agusta, aka kwana biyu ana tafka ruwa, ɗakin ya zauna. Allah ya tsare babu kowa a ciki, tarkace ake ajiyewa. Da yara suka zo kwashe ƙasa, sai bakin magirbi ya daki wani abu ƙarƙashin daɓen, wajen da gadon ƙasa yake a da. Aka tona a hankali, sai ga wata 'yar tukunya an kife bakinta da kasko an liƙe da yumɓu. Ka san halin mutanenmu, kafin a ce kwabo gida ya cika, har an fara raɗe-raɗin zinariya. Aka buɗe, sai ga wuri fal, ya yi jajir da ƙura.

Baffana, ƙanen mahaifina, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifin namu, ya yi murna matuƙa. Dama tun muna yara yake ba mu labarin wani kakanmu Bafatake, mai jakuna da takarkarai, wanda ya yi safarar goro da kanwa tun zamanin sarakunan Haɓe, tun kafin Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807. Ranar nan Baffa ya zauna ƙofar gida da tukunyar a gabansa, duk wanda ya zo sai ya ce masa, "To, ga shaida ta fito. Wannan ragowar dukiyar Bafatake ce." Ni ma na yarda, kuma na ji daɗi, don babu wanda ke ƙin a ce ya fito daga gidan arziki. Na roƙe shi ya ba ni aron tukunyar in ƙirga abin da ke ciki, in kuma nuna wa ɗalibaina. Ya ce, "Ɗauki, Malam, amma ko ɗaya kar ya yi ciwon kai."

Lokacin makarantu na rufe saboda annobar korona. Da aka koma, sai na wanke cikin tafi guda na wurin, na zuba a aljihu na shiga aji. Na raba wa yara suna jujjuyawa, galibinsu ba su taɓa riƙe shi ba, sai dai su hango a jikin ɗan dambe ko a kitson matan Fulani ranar kasuwa. Ina cikin bayani sai wata yarinya da ke zama can baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai ba iri ɗaya ba ne. Nawa yana da zobe a bayansa, na ƙawata kuwa ba shi da shi, kuma nata kamar yana da kafaɗu." Na karɓa na duba, wallahi gaskiyarta. Wani yaro kuma ya ce, "Malam, wai dutse ne ko ƙashi?" Na buɗe baki zan amsa, sai na ga abin da na sani bai wuce cewa daga teku yake fitowa ba. Na yi abin da ya kamata malami ya yi in an kure shi, na ce su ba ni mako guda. Makon nan sai da ya zama wata uku.

Na tambayi abokin aikina malamin kimiyyar halittu, ya ara mini gilashin nan mai ƙara girman abu, ya kuma koya mini yadda zan nemi bayani a intanet ta wayata. Na je Katsina na yi kwafin wasu shafuka na littafin da Hogendorn da Johnson suka wallafa a 1986 a kan kuɗin wuri da cinikin bayi. Ga abin da na tsinta, a taƙaice.

Ashe wuri gida ne na wata halitta mai rai, 'yar'uwar dodon koɗin nan da muke gani a fadama, sai dai ita a ruwan gishiri mai ɗumi take zaune, a gaɓar Tekun Indiya da Tekun Fasifik. Tana laɓewa ƙarƙashin duwatsu a ruwa marar zurfi, tana kiwon gansakuka. Tsagar nan mai haƙora da ke cikin wurin ita ce ƙofar da take fitowa. Shi kuwa ƙyallin bayansa, dalilinsa shi ne tana da wata fatar nama da take fitarwa ta lulluɓe gidan da ita ta waje, tana shafe shi kullum, shi ya sa yake sulɓi kamar tangaran, ba kamar katantanwar da muke murzawa muna yara ba. Irin wannan halitta ta kasu kashi-kashi, sun haura ɗari biyu, amma biyu ne daga ciki suka zama kuɗi a ƙasashenmu. Wani masani mutumin Suwidin mai suna Linnaeus ne ya raɗa musu suna a 1758. A yau masana na kiran ɗaya Monetaria moneta, wato wurin kuɗi, ɗayan kuma Monetaria annulus, wato mai zobe. Mu dai a ajinmu muka tsaya a kan sunayen da yarinyar nan ta ba su: mai kafaɗa da mai zobe.

Yaya ake bambanta su? Ka ɗora wuri a tafin hannunka, tsagar na kallon ƙasa. Mai zobe bayansa a mulmule yake, siffarsa kamar ƙwai, launinsa toka-toka mai ɗan sirkin shuɗi, sannan ga wani siririn layi ruwan lemo ya kewaye doron nasa kamar an zana da alƙalami. Mai kafaɗa kuwa fari ne mai sirkin ruwan ɗorawa, wani lokaci da 'yan ratsi dishi-dishi a gicciye, gefensa ya yi kauri ya baje, kuma can wajen ƙugunsa akwai ƙululu dama da hagu, har ya sa siffarsa ta yi kusurwa-kusurwa. Dukkansu ƙanana ne, yawancin waɗanda na auna da rula tsakanin santimita ɗaya da rabi ne zuwa biyu da rabi.

Sai dai kuma a nan ne na fara koyon cewa gane abu ba a yi masa gaggawa. Da farko na ɗauka zoben shi ke nan, duk mai zobe a jefa nan, marar zobe a jefa can. Ashe akwai masu kafaɗa da kan zo da ɗan zobe siriri su ma. Kuma wurin da ya daɗe a ƙasa, ko ya sha hannu, launinsa kan koɗe zoben ya ɓace ɗungum. Wasu kuma an fasa musu baya don a zura zare, doron da zoben yake kai ya tafi. Saboda haka launi na iya yaudararka, siffa ce ba ta ƙarya. Daga baya har rufe ido nake yi in bi gefen wurin da ɗan yatsa: in na ji ya zarce sumul, mai zobe ne, in na ci karo da tudu, mai kafaɗa ne. Wanda kuwa na yi shakka a kansa, ban tilasta masa shiga ko'ina ba, na ware masa kashinsa daban.

Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gidana a Kankiya, ni da uwargida da yara, da faifai uku a gabanmu. Muka yi dare shida muna tsinta bayan sallar lisha, ƙarƙashin fitila mai caji. Jimillar abin da ke cikin tukunyar ta kama wuri 3,214. Masu zobe 2,405, masu kafaɗa 731, waɗanda suka gagare ni 78. Wato a cikin kowane huɗu, uku masu zobe ne. Na rubuta wannan lissafi a bayan littafin shirya darasi, ban san cewa na rubuta abin da zai haɗa ni da Baffana ba.

Dalili kuwa shi ne kowane ɗaya daga cikin wurin nan biyu da tarihinsa, da kuma lokacin da ya shigo mana. Mai kafaɗa shi ne tsohon kuɗi. Mafi yawansa daga tsibiran Maldif yake, can kudu maso yamma da ƙasar Indiya. A da, mutanen wurin kan jefa ganyen kwakwa a ruwa, halittun su hau su manne, sai a janyo a shanya a bakin gaɓa har naman ya ruɓe, a wanke a ƙirga, a kai Bangal a musanya da shinkafa. Shahararren matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya zauna a tsibiran wajen 1343, ya ga ana sayar da wuri 400,000 a kan dinari guda, sannan da ya zo Mali da Gao bayan shekara kamar goma ya tarar ana ba da 1,150 a dinari. Ka ji riba inda ake neman ta. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Turawan Holan da na Ingila kuwa sun riƙa danƙare cikin jiragensu da shi, su kai Amstadam da Landan, daga can su juyo da shi gaɓar Afirka ta Yamma su sayi mutane. Wannan ɗan farin abu mai kyan gani, da shi aka sayi bayi masu ɗimbin yawa aka haye teku da su.

Mai zobe kuwa baƙon baya-bayan nan ne a kasuwa. Wajen 1845 'yan kasuwar birnin Hambug na Jamus suka gano cewa a gaɓar Zanzibar, can Afirka ta Gabas, akwai wani wuri mai kama da na Maldif, ga yawa ga araha. Suka fara jigilarsa kai tsaye zuwa Wida da Legas, Faransawa suka bi sahu. Da fari mutane sun yi masa kallon jabu, daga baya ya karɓu, ya yi ta kwararowa arewa ta hannun fatake har ya rinjayi na asalin. Abin da ya yi yawa kuwa dole ya yi arha. Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ta Kusada a farkon 1851 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Kano, kuma ya rubuta cewa a Kano ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Ya kuma ba da labarin wahalar ƙirga da ya gani a Tasawa, yadda ake jan wuri biyar-biyar da yatsu ana tarawa. Daga wancan lokaci darajar wuri ta yi ta zubewa, har ta kai in tafiya ta yi nisa kuɗin dako kan cinye kaso mai tsoka na kayan. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, gwamnatin Lugga ta hana shigo da wuri a 1904, aka kawo anini da kwabo da sule. A ƙauyuka an ci gaba da sayen gishiri da daddawa da shi na wasu shekaru, har ya mutu murus.

To, mai karatu, ka ga inda maganar ta dosa. Gaskiya ne masu tonon kufai sun sami mai zobe jefi-jefi a wuraren da suka girmi 1845 nesa ba kusa ba, don haka da guda biyar ko goma na gani da ban ce komai ba. Amma tukunyar da uku cikin huɗunta masu zobe ne, ba a cika ta a zamanin Haɓe ba. An cika ta ne bayan wurin Zanzibar ya game kasuwannin ƙasar Hausa, wato can cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ko farkon na 20. Na biyu kuma, yawan. Attajiran da suna lissafi ne da keso, kowane keso wuri 20,000. Abin da muka tono bai kai kashi ɗaya cikin biyar na keso guda ba. Ko a farashin zamanin Barth, da kaɗan ya ɗara dala ɗaya. Bafatake mai jakuna ba zai haƙa rami ƙarƙashin gado saboda wannan ba. Wannan tarin talaka ne, wanda aka yi da ɗaya-ɗaya, biyar-biyar.

Ranar wata Asabar na hau babur na tafi Kusada da tukunyar da lissafina. A nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Maimakon in keɓe da Baffa, sai na same shi a zaure cikin abokan hirarsa, na zazzage bayani kamar ina gaban allo, har da su Jamus da Zanzibar. Ɗokin sani ya rufe mini ido. Baffa ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Wato dai ni maƙaryaci ne, ko Malam? Abin da na ji daga bakin manya, kai ka ga ƙaryarsa a bayan dodon koɗi?" Na ce, "Baffa, ku gafarce ni, ban ce babu Bafatake ba, cewa na yi wannan kuɗin ba nasa ba ne." Ya ce, "To na wa ne?" Na yi shiru, don wuri ya gaya mini lokaci, ya gaya mini yawa, amma bai gaya mini suna ba. Ya jawo tukunyar gabansa ya ce in tashi in ba shi wuri. Abokansa suka yi dariyar yadda maganar ta faɗa, ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Na shiga cikin gida in gaida Goggo, babbar yayar mahaifina, wadda a lokacin ta ba shekara tamanin baya, ta dawo gida da zama tun rasuwar mijinta. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta faɗin sunana. Ashe duk abin da aka yi a zaure ya iso mata. Ta ce, "Babana, zo nan zauna. Kai da ka iya karatun bayan wuri, me ya hana ka tambayi mai rai?" Na ce, "Goggo, ai ban san kin sani ba." Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Ranar da aka tono ta ina zaune nan, maza na ta shewa a waje. Na gane tukunyar tun kafin a buɗe."

Ta ce ɗakin da ya rushe na kakarta ne, mahaifiyar kakana, kuma a ɗakin ta tashi, a bayanta take kwana har ta kai shekara goma sha biyu. Matar nan ba 'yar ƙasar nan ba ce. An kamo ta ne tana yarinya daga wani gari can kudu, ita da ƙanenta, a wani hari. Tsagar fuskarta daban take da ta kowa, kuma har ta mutu in ta yi mafarki da wani yare take magana. A gidan ana ce da ita Baƙuwa, sunanta na yanka kuwa babu wanda ya riƙe. A wata kasuwa aka raba ta da ƙanen nata, aka yi gabas da shi, ita kuma aka sayo ta aka kawo Kusada. Da ta girma maigidan ya sa ta a ɗaka, ta haifa masa ɗa namiji, wanda shi ne kakana. Da wannan haihuwa ta san ita kam ta tsira, ba za a sake sayar da ita ba. Amma ƙanenta bai fita ranta ba. Wani falke ya taɓa ce mata ya ga mai irin tsagarta a wata rinji wajen Kano. Tun daga ranar ta fara tari don ta fanshe shi. Da dare in an gama aikin gida sai ta yi kaɗi, ta ba da zaren a sayar mata, ta jefa abin da ya samu a tukunya.

Goggo ta ce, "Ta gaya mini kullum in ta tambayi nawa ake fansar mutum, sai ta ji ya ƙaru. Tana tari, kuɗin na gudu. Rannan aka wayi gari aka ce Nasara ya zo da nasa kuɗin mai huda, wuri ya zama abin wasan yara. Sai ta liƙe bakin tukunyar ta binne. Na ce mata, Kaka, me ya sa ba ki zubar ba? Ta ce ba nata ba ne balle ta zubar, na ƙanenta ne."

Mai karatu, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Duk abin da na karanta game da faɗuwar darajar wuri, lissafi ne kawai a takarda, sai ranar na gane a kan wa ya faɗa. Wasu 'yan kasuwa a Hambug sun sami hanyar cin riba, wata baiwar Allah a Kusada tana murza mazari cikin dare, zoben nan ruwan lemo yana cinye guminta ba ta sani ba. Ko da darajar ba ta faɗi ba, da wuya abin da ta tara ya isa, don fansar mutum da keso-keso ake maganarta. Ina jin ita ma ta san haka. Amma ba ta daina jefawa ba.

Ba zan ce wuri ya tabbatar da labarin Goggo ba, don ƙwanso ba ya rantsuwa. Abin da zan iya cewa shi ne lokacin da ya nuna da yawan da ya nuna sun dace da maganarta, sun kuma saɓa wa ta Baffa. Na kuma fahimci abin da ya sa labarin Bafatake ya yi ƙiba a gidanmu, na Baƙuwa ya rame. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa, amma doka ba ta goge abin da ke bakin mutane. Har gobe in za a yi aure akan aika a binciko asali, kuma kalma guda na iya rusa magana. A daidai wannan lokaci an sa ranar auren 'yar autar Baffa da ɗan wani gida mai ji da asali. Ashe Baffa ba jahiltar zancen ya yi ɗungum ba, ya taɓa jin ƙishin-ƙishin. Tsoro ne ya sa shi fushi, ni kuwa na je ina yi masa lacca a gaban mutane.

Da dare na same shi shi kaɗai, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Goggonka ta gaya maka ke nan." Na ce, "Ta gaya mini, Baffa." Ya ce, "To ka riƙe bakinka har a kai yarinyar nan ɗakinta. Abin da ƙasa ta rufe shekara ɗari, ba zai gagare ka rufewa shekara ɗaya ba." Na yi masa alkawari, na kuma cika. Ɗalibaina na koya musu bambancin mai zobe da mai kafaɗa, da Maldif da Zanzibar, na gode wa yarinyar nan a gaban aji, amma ban gaya musu ta wace ce tukunyar ba.

An yi biki lafiya, yau har da 'ya'ya biyu. Goggo ta rasu a 2022, Allah ya jiƙanta, da ta tafi da labarin da ba a sake jin sa ba har abada. Bayan sadakar arba'in ɗinta Baffa ya kira ni ɗakinsa, ya fito da tukunyar daga ƙarƙashin gado. Idonsa ya yi rauni yanzu, yana fama da yana. Ya ce, "Nuna mini yadda kake gane su." Na ce ai ba sai da ido ba. Na kama ɗan yatsansa na bi da shi gefen wani, na ce wannan sumul, mai zobe ne, na bi da shi gefen wani, ya ce, "Na ji tudun." Ya yi ta ɗauka yana shafawa yana faɗa, bai kuskure ba sai sau biyu. Sannan na roƙe shi izinin rubuta wannan abu. Ya ce, "Rubuta, amma kar ka ambaci sunan gida, kar ka ambaci sunan kowa." Shi ya sa ba ku ga suna ko ɗaya a nan ba. Har yanzu in baƙi sun zo yakan ba su labarin Bafatake, ni kuma ba na tanka masa, mai yiwuwa ma an yi Bafataken. Amma ya daina nuna tukunyar a matsayin shaida, kuma na ji an ce da azumin bara ya sa an yi sadakar abinci, da aka tambaye shi ta wa, ya ce ta kakarsa ce da ɗan'uwanta.

Abin da ya sa na kawo wannan magana gaban 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, shi ne na lura muna da saurin rubuta abin da ba mu duba ba. Mukan cika shafi da gidajen bene da motocin da ba mu taɓa shiga ba, mu ce itace ba mu faɗi ko marke ne ko gawo ba, mu ce tsuntsu ba mu san ko bambami ne ko zalɓe ba. Ni kaina na yi shekara goma sha tara ina cewa wuri, ban san biyu ne ba, sai da 'yar aji huɗu ta nuna mini. Da ban tsaya na ware su faifai-faifai ba, da ban yi wa Baffa gardama ba, da Goggo ba ta kira ni ba, da matar nan ta ci gaba da kwanciya ƙarƙashin labarin wani. Shawarata ita ce, in ka ga abu a ɗakin kakarka, mazari ne ko tasa ko tsohon anini, ka ɗauka ka juya shi, ka nemi sunansa na gaskiya da inda ya fito, sannan ka je ka durƙusa gaban tsofaffin matan gidanku ka tambaye su tun suna da rai. Ka kuma koyi abin da ni ban koya da wuri ba: gaskiya ma tana da wurin faɗa, kuma zaure cike da mutane ba ya cikinsu.

Baffa ya ba ni guda biyu, mai zobe ɗaya, mai kafaɗa ɗaya. Suna cikin gwangwanin alli a kan teburina, duk shekara in na zo darasin jam'i nakan fito da su. Sauran 3,212 suna Kusada cikin tukunyarsu, an mai da kaskon an rufe. Mun yi shawara a kai su gidan tarihi, Baffa ya ce a'a, mai su ta riga ta faɗi na wane ne, ajiya ce, ba mu da ikon bayarwa.

Allah ya jiƙan Baƙuwa da ƙanenta duk inda ƙasa ta rufe shi, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, ya sa mu dace. Wassalam.